Kafin Ka Kai Rubutunka Maɗaba'a

Duk mai halartar taruka a Keffi ko Lafiya ko Akwanga ya san yadda bikin ƙaddamar da littafi yake gudana. A kama zaure, a jera kujeru, a gayyaci uban taro da babban mai ƙaddamarwa. Mai sharhi ya tashi ya yaba littafin da mai yiwuwa daren jiya aka miƙa masa. Daga nan sai sanarwa: wane ya sayi kwafi biyar a kan kuɗi kaza, wane ya yi alkawarin kaza. A tafa, a ɗauki hoto, a watse. Bayan wata shida ka nemi littafin nan a shago ko a laburaren makaranta, ba za ka same shi ba. Idan ka bi marubucin gida, sai ya janyo kwali daga ƙarƙashin gado, gara ta soma yi masa aiki, ya kuma ba ka labarin masu alkawarin da suka daina ɗaukar wayarsa.

Ba ƙaddamarwar ce laifi ba. A ƙasar da takarda ta yi tsada, masu saye kuma suka yi ƙaranci, wannan rana ita ce kaɗai damar da marubuci da yawa ke da ita ta maido da kuɗin da ya zuba. Matsalar ita ce an mayar da ita ƙarshen tafiya. Malamin firamare a Agwada da ya ɓata shekaru yana tattara tarihin garinsu daga bakin dattawa, da malamar da ta cika littattafan rubutu da labarai, da ɗalibin Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi mai tarin waƙoƙi a cikin waya, tambayarsu ɗaya ce: yaya zan yi in buga? Amsar da suke samu ita ma ɗaya ce: nemi kuɗi, ka je wurin masu ɗab'i. To tsakanin rubutun hannu da hannun mai karatu akwai ayyuka da dama waɗanda inji ba ya yin su, kuma rashin saninsu ne yake kashe littattafan yankinmu tun suna jarirai.

Asarar a nan ta fi ta wasu wurare zafi. Ɗauki labarin da kowa ya fi sani game da Keffi. A watan Oktoban 1902 Magaji Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloney, wakilin Turawan Ingila, ya hau doki ya nufi Kano, inda Sarki Alu ya karɓe shi. Lugard, shugaban Turawan mulkin Arewa, ya riƙe wannan a cikin hujjojinsa na auka wa Kano a watan Fabrairun 1903, Magajin kuma ya ƙare a yaƙin Burmi tare da Sarkin Musulmi Attahiru a wannan shekarar. Wanda ya so bin diddigin al'amarin a rubuce, yawancin abin da zai fara cin karo da shi rahotannin Turawa ne da ke ajiye a Gidan Adana Takardun Tarihi na Kaduna. Ɓangare guda ne ya rubuta, ya kuma adana. Wannan Keffi ke nan, garin sarauta, mai kwalejin gwamnati tun 1949, wadda marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya yi karatu a cikinta. Ina ga Agwada da Garaku da ƙauyukan Kokona, inda tarihin kafuwar gari da waƙoƙin noma da na biki, a harsunan Afo da Gwandara da Mada da sauransu, suke a kan harshen tsofaffin da ke raguwa kowace shekara? Idan wani ya daure ya rubuta irin wannan, sannan littafin ya ruɓe a cikin kwali, ba shi kaɗai ya yi asara ba.

Mai ɗab'i daban, mai wallafawa daban

Abin da ya kamata a fara rarrabewa shi ne aikin mai ɗab'i da aikin kamfanin wallafa. Mai ɗab'i kamar tela ne: yadin da ka kawo shi zai ɗinka, ko mai kyau ko marar kyau, ya karɓi kuɗinsa, ka kwashi kayanka. Ba ruwansa da ko labarin ya tsaru, ko an sayi littafin, ko ba a saya ba. Kamfanin wallafa kuwa shi ne yake karanta rubutu ya ce ya karɓa ko bai karɓa ba. In ya karɓa, shi zai ba edita ya tace, ya biya mai zanen bango, ya biya maɗaba'a, ya raba wa dillalai, ya yi talla, sannan ya riƙa ba marubuci kasonsa daga cinikin, galibi wajen kashi 10 cikin 100. Shi ke ɗaukar kasadar. Saboda haka duk wanda ya ce maka shi kamfanin wallafa ne, amma kai za ka biya kuɗin komai, kuma kai za ka kwashe littattafan ka sayar, to mai ɗab'i ne ko dillalinsa. Ba haramun ba ne ka yi hulɗa da shi, sai dai ka san da wa kake ciniki, kada ya karɓi kuɗinka ya kuma haɗa da haƙƙin littafinka.

Adabin Hausa na boko ya tashi ne a hannun masu wallafawa na gaske. Hukumar Fassara da aka kafa a Kano a 1929, ta koma Zariya ta zama Hukumar Talifi, ita ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai ta 1933 a ƙarƙashin Rupert East. Daga nan aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Ana yawan ambaton hazaƙar waɗannan marubuta, kuma sun cancanta, amma akan manta cewa akwai edita a kansu, akwai hukumar da ta kai littattafan makarantu, ta sake buga su idan sun ƙare. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a Janairun 1939, Kamfanin Gaskiya ya kafu a 1945, sai hukumar adabi ta NORLA a shekarun 1950, sai kamfanin wallafa na NNPC a 1966 da haɗin gwiwar Macmillan. Wannan jerin gidaje ne ya sa yaron da aka haifa bayan rasuwar Imam da shekaru talatin yake iya sayen Magana Jari Ce a tasha. Haka waƙoƙin Aliyu Namangi da Sa'adu Zungur da Mu'azu Haɗeja da Aƙilu Aliyu: a baka suka fara yawo, amma bugun Zariya ne ya tsare su.

Da tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, manyan kamfanoni suka tattara suka koma kan littattafan jarrabawa, inda ciniki yake da tabbas. Sai matasan Kano da Kaduna da Zariya suka ce ba za su zauna jira ba. Talatu Wada Ahmad, da Balaraba Ramat Yakubu, da Ado Ahmad Gidan Dabino, da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, da ɗaruruwa bayansu suka riƙa buga littattafansu da kuɗin aljihunsu, a kan takardar jarida mai araha, suna kai wa 'yan kasuwa. Masana suka yi ta muhawara a kan abin, har aka laƙaba masa sunan adabin kasuwar Kano. Ni dai a ganina babu wani yunƙuri da ya koya wa matan Arewa son karatu kamar wannan, kuma masu raina shi ba su taɓa sayar da ko rabin abin da ya sayar ba. Amma yana da ciwon da ya kamata marubucin Agwada ya dube shi da kyau. Littattafai da yawa sun fito ba shekarar bugu, ba adireshi, ba lamba. Marubuta da yawa sun sayar da labarinsu ɗungurungum ga ɗan kasuwa da fatar baki, shi ya ci gaba da bugawa, su suka koma kallo. Da aka zo yin kundin sunayen littattafan da suka fito tsakanin 1987 da 2002, Graham Furniss na jami'ar Landan ne da Malami Buba da William Burgess suka yi aikin, aka buga shi a Jamus a 2004. Akwai littattafan da a yau ya fi sauƙi a same su a laburaren wata jami'a a Turai ko Amurka fiye da a unguwar da aka rubuta su.

Tunda mafi yawanmu da kanmu za mu wallafa, ma'anarsa duk ayyukan kamfanin nan sun dawo wuyan marubuci. Na farkonsu tacewa ce, kuma ita aka fi tsallakewa. Mutum ba ya ganin kuskuren rubutunsa, domin idonsa abin da ke zuciyarsa yake karantawa. Ba wa matarka ko amininka ya duba ba tacewa ba ce. Za su ce ya yi kyau, don suna ƙaunarka. Nemi wanda ya san ƙa'idojin rubutu, malamin Hausa a sakandare ko a jami'a, ko wani gogaggen ɗan ƙungiyar marubuta, ka biya shi, ka kuma daure da jan birinsa. Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, ANA, wadda Chinua Achebe ya jagoranci kafa ta a 1981, tana da rassa a jihohi, kuma zaman karatun da suke yi wuri ne da ake jin gaskiya kyauta.

Ga mai rubutu da Hausa akwai wani tarko na musamman. Yawancin masu aikin kwamfuta a maɗaba'u ba su damu da haruffa masu ƙugiya ba, wasu ma ba sa jin harshen. Kai ka rubuta ɓ da ɗ da ƙ daidai, shi ya sauya salon haruffa don shafi ya yi kyau, sai duk su ɓace ko su koma ƙananan akwatuna. Wannan ya fi tsanani ga mai rubutu da Afo ko Mada ko Eggon, masu alamomin da injin bai saba da su ba. Maganinsa ɗaya ne: kada ka yarda a ɗora aiki a kan inji sai an fitar maka da samfuri a takarda, ka zauna ka karanta shi shafi bayan shafi, ka sa hannu a kai. Kuskuren da ka bari a nan, sau dubu za a maimaita maka shi.

Sai cinikin ɗab'in kansa. Nijeriya ta gina masana'antun takarda uku, a Jebba da Oku Iboku da Iwopin, amma sun daɗe ba sa biyan buƙata, don haka yawancin takardar da ake buga littafi da ita daga waje take zuwa, farashinta kuma bin dala yake yi. Tun da aka saki naira a tsakiyar 2023, kuɗin da mai ɗab'i ya faɗa maka yau ba lallai ya tsaya a kai bayan mako biyu ba. Saboda haka a rubuta komai: yawan kwafi, girman littafi, nauyin takarda (giram 60 ne ko 70 ko 80), irin bango, ɗinki ne ko manni, ranar da za a gama, nawa ne kafin alƙalami, nawa ya rage. A rubuta cewa ba zai buga ko kwafi ɗaya fiye da abin da aka yi da shi ba, kuma zai damƙa maka kwafin kwamfuta na aikin da aka tsara, wanda za a iya gyarawa. Mutane da yawa sun tashi yin bugu na biyu sun tarar shagon ya tashi, ko kwamfutar ta ƙone, sai an sake buga littafi daga farko.

Kada kuma zaƙin baki ya sa ka buga dubu biyu don an ce kowane kwafi zai fi sauƙi. Gaskiya ne a babban inji yawa yana rage farashi, amma littafin da ba a saya ba ba shi da araha. Yanzu akwai bugun kwamfuta kai tsaye, wanda masu sana'ar ke kira DI, da za a iya fitar maka da kwafi hamsin ko ɗari, ka gwada kasuwa, ka ga kura-kuran da suka kuɓuce. Mutumin Agwada bai ma yi nisa da irin waɗannan wurare ba. Keffi na nan, Abuja kuma tafiyar kilomita hamsin da 'yan kai ce daga Keffi.

Lamba, ajiya da haƙƙi

Akwai abubuwa uku da ake cakuɗawa, alhali kowanne da aikinsa da ofishinsa.

Lambar ISBN ita ce shaidar littafi a kasuwar duniya. Tun 2007 alƙalumanta 13 ne, kuma ta littattafan Nijeriya takan fara da 978-978. Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ne kaɗai ke bayar da ita, a hedikwatarsa ta Abuja ko ta rassansa na jihohi. Kowane littafi da lambarsa; in ka sake shi da gagarumin gyara, ko ka fitar da shi a matsayin littafin waya, sabuwar lamba ake so. Mujalla da jarida kuwa ISSN suke ɗauka, mai alƙaluma 8, abin da masu fitar da mujallar makaranta ko ta ƙungiyar ci gaban gari ya kamata su sani. A nan a yi hattara: akwai masu ɗab'in da za su ce kada ka damu, suna da lamba. Wani lambar da aka yi wa rajista da sunan kamfaninsa ce, wanda ke nufin a takarda shi ne ya wallafa littafin. Wani kuwa daga bayan wani tsohon littafi ya kwafo ta, ko ya ƙirƙira. Nemi ganin takardar da Ɗakin Karatun ya bayar, mai ɗauke da sunan littafinka.

Na biyu ajiya ce, kuma doka ce, ba alfarma ba. Dokar Ɗakin Karatu na Ƙasa ta 1970 ta wajabta wa duk wanda ya wallafa littafi ya kai kwafi uku cikin wata ɗaya da fitowarsa; gwamnatin jiha kwafi goma, ta tarayya ashirin da biyar. Mutane na ganin abin kamar haraji, suna jin zafin ba da littattafai uku kyauta. To waɗannan ukun su ne suka fi sauran dubun yiwuwar kaiwa shekara hamsin. Da su ake shigar da sunan littafi cikin kundin abin da ƙasa ta wallafa, su ne kuma mai bincike zai tarar. Ni har ƙari nake ba da shawara a yi: kwafi ga laburaren jami'ar Keffi, kwafi ga Gidan Arewa da ke Kaduna in littafin tarihi ne, kwafi ga fadar gari da makarantar da ka yi. Wanda ya raba wa manyan baƙi kwafi talatin kyauta a ranar biki, waɗanda za su bar su a kujerar bayan mota, bai kamata ya yi ƙyashin waɗannan ba.

Na uku shi ne haƙƙin mallaka, kuma a nan ne jahilci ya fi tsada. Dokar da ke aiki yanzu ita ce ta 2022, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta maye gurbin ta 1988. A ƙarƙashinta, da zarar ka ƙirƙiri abu naka ka ajiye shi a wani tsari tabbatacce, a takarda ko a waya ko a faifan murya, haƙƙinka ya tabbata. Ba ISBN ke ba ka shi ba, ba kuma sai ka yi rajista ba. Hukumar kula da haƙƙin mallaka ta ƙasa, NCC, tana da tsarin rajista na ganin dama, amfaninsa shi ne ya zama hujja ranar da rigima ta tashi. Abin da dokar ke karewa shi ne yadda ka zuba kalmominka, ba ra'ayin kawai ba. Wani yana iya rubuta nasa tarihin Agwada bayan naka; abin da ba zai yi ba shi ne ya kwashe shafukanka.

Haƙƙin nan ba dunƙule yake ba, rassa gare shi. Izinin bugawa daban, na fassarawa daban, na mayarwa fim daban, na karantawa a rediyo ko a YouTube daban. Littafin Balaraba Ramat Yakubu, Alhaki Kuykuyo Ne, ya fito a Kano a 1990, an yi fim ɗinsa, sannan a 2012 wani kamfani mai suna Blaft da ke Chennai ta ƙasar Indiya ya wallafa fassararsa ta Ingilishi da Aliyu Kamal ya yi. Wa ya yi zaton haka a ranar da aka fara buga shi? Marubucin da ya sallama komai a kan 'yan kuɗin da zai kashe a mako guda, ya sallama har da irin wannan ranar. Dokar ta ce sayar da haƙƙi, ko ba wa wani izinin da ya keɓanta gare shi shi kaɗai, ba ya tabbata sai a rubuce. Wannan kariya ce gare ka, amma takobi ne mai kaifi biyu: in ka sa hannu, ka sa. Karanta takarda kafin ka sa mata hannu, ka duba shekara nawa, a wace ƙasa, wane reshe na haƙƙin, yaushe ake lissafi, me zai faru in littafin ya ƙare a kasuwa kamfanin bai sake bugawa ba. Kai ta wurin lauya ba rashin yarda ba ne. A al'adarmu akan ji nauyin cewa babban mutum ko aboki a rubuta, sai a ce ai ana tare. Galibin shari'o'in da suka raba zumunci daga wannan kalma suka faro.

Satar fasaha a da sai mai inji. Yau kowa da injinsa a aljihu. Marubuciya ta buɗe zauren WhatsApp na kuɗi, tana sakin labari shafi-shafi, kafin gari ya waye wata ta kwafe ta watsa a zauruka goma. Wani ya ɗauki hoton littafi ya mayar da shi PDF, ya sa a Telegram, yana ganin taimakon al'umma yake yi. Wani ya buɗe tasha a YouTube yana karanta littattafan mutane, talla tana shigo masa, mai littafin ko gaisuwa bai samu ba. Dokar 2022 ta shigo da wannan fage: mai haƙƙi yana iya rubuta wa masu shafi ya nemi a sauke aikinsa, yana iya kai ƙorafi NCC, yana iya shigar da ƙara a Babbar Kotun Tarayya, kuma akwai tara da ɗauri ga wanda aka kama yana kasuwanci da aikin wani. Amma doka ba za ta iya bin kowace waya ba. Mai karatun da ya tura littafin da ya san na sayarwa ne, ya sani gumin wani ya raba, ko da bai karɓi sisi ba. Malaman makarantar da ke sa a yi wa littafi guda hoto a raba wa aji, su ma maganar ta shafe su.

Marubutan waya su ma su yi wa kansu tanadi. Manhajar OkadaBooks, wadda ɗimbin marubutan Hausa suka dogara da ita wajen sayarwa, ta rufe a ƙarshen Nuwamban 2023. Shafi na iya rufewa, waya na iya faɗawa rijiya. Ajiye aikinka a wuri fiye da ɗaya, da kwanan wata.

Wani gargaɗin ya fi shafar masu rubuta tarihin gari da 'yan jaridar sa-kai. A yankin da ƙabilu da yawa ke zaune tare, maganar wa ya fara zama, wa ya ba wa ƙasa, wane gida ne ke da sarauta, ba tsohon zance ba ne; ana shari'a a kansa yau, wani lokaci har da jini. Ɓata suna laifi ne a dokar Penal Code da ake aiki da ita a Arewa, ana kuma iya neman diyya a kansa. Idan ka ji ruwaya daga gida ɗaya, je ka ji ta ɗaya gidan. Faɗi wanda ya ba ka labari, da ranar da ya ba ka, bayan ka nemi yardarsa. Inda ruwayoyi suka saɓa, kawo su duka, ka bar mai karatu ya auna. Tsohuwar da ta rera maka waƙar daka, sa sunanta in ta amince. Ba kai ka ƙirƙira ba, kuma wanda zai zo bayanka yana buƙatar sanin inda ka samo.

Sayarwa kuwa aikin ƙafa ne. Ware kwafin da za ka ba masu shago a Keffi da Lafiya da Mararraba, ka yi da su kamasho, su sa hannu a kan adadin da suka karɓa. Aika wa filin adabi na jarida irin Aminiya, kai wa masu shirin Hausa a gidan rediyon jiha ko Precious FM ta Lafiya. Idan littafin ya dace da ɗalibai, nemi hanyar da ma'aikatar ilimi ke tantance littattafan makaranta. Shiga gasa: Hikayata ta BBC Hausa, da aka fara a 2016 domin mata, ta fito da sunayen da ba wanda ya san su a da. A shekarar ce kuma Abubakar Adam Ibrahim, haifaffen Jos, ya ci kyautar adabi ta NLNG ta dala 100,000, da littafin da ya bi ta hannun editoci da kamfanin wallafa. Irin waɗannan manyan gasanni suna da sharuɗɗa a kan yadda aka wallafa littafi da shekarar fitowarsa, don haka littafin da ba shi da shekara a jikinsa tun a ƙofa ake mayar da shi.

Akwai kuma abin da iyalan marubuta ba su cika sani ba. Haƙƙin littafi ba ya mutuwa da mai shi. A dokar Nijeriya yana ci gaba har shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da marubucin ya rasu, kuma dukiya ce da ake gado, kamar yadda ake gadon gida da gona. Idan aka zo rabon gado akan ƙirga buhunan hatsi da babur, ba wanda ke tambayar wa ke buga littafin marigayi, ko nawa kamfani ke riƙe da shi. Saboda haka marubuci ya haɗa takardunsa wuri guda: yarjejeniyoyi, takardar ISBN, shaidar ajiya, rasitan maɗaba'a, sunayen masu shagon da ke riƙe da kayansa, da kwafin kwamfuta na kowane littafi. Ya nuna wa ɗaya daga cikin 'ya'yansa ko 'yan'uwansa inda suke, ya kuma faɗa masa wanda za a tuntuɓa in ana son sake bugawa.